Dangantakar Taurari a Cikin Labarin Bayajida na Daura

Gabatarwa

Adabin Hausa, na baka da rubutacce, cike yake da labaran jarumtaka da al'ajabi, watau irin labaran da jarumi zai bar garinsu, ya keta dazuzzuka, ya yi arangama da dodanni ko aljannu, daga bisani ya sami ɗaukaka. Mafi shahara daga cikinsu shi ne labarin Bayajida, wanda Daura ke riƙe da shi, kuma da wuya a sami wanda ya zauna ajin firamare a ƙasar Hausa bai ji shi ba. Galibin masu ba da labarin sukan ƙarfafa zance a kan kisan macijiyar rijiyar Kusugu, kamar dai shi ne labarin gaba ɗaya. Amma idan aka bi shi daki-daki, za a tarar cewa kisan nan aikin dare ɗaya ne kurum. Sauran labarin duka maganar aure ce, da surukuta, da saukar baƙo, da kishi, da raɗin suna, da gado. Manufar wannan lacca ita ce a nuna cewa ma'anar labarin tana cikin waɗannan dangantakoki, kuma ta hanyarsu ne mutanen da suka tsara shi suka yi bayanin wanda ke da iko da ƙasa, da yadda baƙo ke zama ɗan gida.

Labarin yana da ruwayoyi da dama. Wadda za a bi a nan ita ce ta fadar Daura, kamar yadda H. R. Palmer ya buga ta da Turanci a shekarar 1928, aka kuma buga ta da Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, tare da ƙarin da ake ji a bakin mutane. Masana tarihi sun daɗe suna jayayya a kan gaskiyar aukuwarsa. W. K. R. Hallam, a 1966, ya bi sawun masu danganta Bayajida da Abu Yazid, wanda ya yi wa daular Faɗimiyyawa tawaye a Afirka ta Arewa ya mutu a 947. Shi kuwa Abdullahi Smith, a 1970, ya nuna cewa ƙasashen Hausa sun ginu ne sannu a hankali, daga ƙauye zuwa gari zuwa birni, don haka ba za a dogara da labarin a matsayin tarihin kafuwarsu ba. Ba a nufin warware wannan jayayya a nan. Za a ɗauki labarin a matsayin tarihihi, a dubi taurarinsa kamar yadda ake duban na ƙagaggen labari.

Labarin a Taƙaice

An ce Bayajida, ko Abuyazidu, ɗan Sarkin Bagadaza ne. Ya baro garinsu da rundunarsa ya sauka Barno, Mai na Barno ya aurar masa da 'yarsa Magira. Daga nan Mai ya yi ta raba shi da mutanensa da dabara, har ya rage daga shi sai matarsa. Da ya ga ana neman ransa, sai ya gudu ya nufo yamma. A Garun Gabas, kusa da Haɗeja, ya bar Magira da ciki, ta haifi ɗa da ake kira Biram. A Gaya maƙera suka ƙera masa takobi. Ya iso Daura da dare, ya sauka gidan wata tsohuwa wadda aka fi sani da Ayana, ya nemi ruwa. Ta ce ba a ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, saboda wata macijiya mai suna Sarki da ke cikin rijiya. Ya karɓi guga ya tafi, ya kashe macijiyar, ya yanke kanta ya ajiye. Da gari ya waye Sarauniya Daurama ta yi alkawarin rabin gari ga wanda ya yi aikin. Da aka gano shi, sai ya ce ba ya son rabin gari, aurenta yake so. Ta yarda, amma ta fara ba shi ƙwarƙwara, Bagwariya, wadda ta haifi Karɓagari. Daga baya Daurama ta haifi Bawo. 'Ya'yan Bawo shida tare da Biram su ne Hausa Bakwai, zuriyar Karɓagari kuwa su ne aka kira Banza Bakwai.

Bayajida da Surukinsa na Barno

Dangantaka ta farko da labarin ya shimfiɗa ita ce ta Bayajida da Mai na Barno, kuma ita ce ma'aunin da za a gwada ta Daura da shi. A Barno Bayajida ya zo da ƙarfi, da dawaki da mayaƙa. Auren da aka yi masa dabara ce ta ɗaure masa hannu, domin sarki ba ya son ganin wani mai runduna a gefensa. Surukuta a nan ba ta haifar da amana ba, kowannensu yana fakon ɗan'uwansa, har abin ya ƙare da gudun tsira da rai. Abin lura shi ne, labarin bai bari jarumin ya shiga Daura ba sai da ya tuɓe masa komai: ba runduna, ba dukiya, ba mata, har an ce ko harshen mutanen ba ya ji, shi ya sa wasu ke fassara sunansa da cewa ba ya ji da. Watau baƙon da ya zo da runduna an kore shi, wanda ya zo shi kaɗai yana roƙon ruwa shi aka karɓa. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a bakin mutanen Daura, domin tana nufin ba a ci garinsu da yaƙi ba.

Ita Magira kuwa, labarin bai sake komawa kanta ba bayan an bar ta a hanya, kuma babu inda aka ce Bayajida ya koma neman ɗansa. Duk da haka ba a zubar da haƙƙinta ba, tun da an lissafa ɗanta cikin Hausa Bakwai. Ta wajenta ne Barno ta sami gurbi a cikin zuriyar. Wannan ya dace da abin da aka sani a tarihi, cewa akwai zamanin da ƙasashen Hausa ke aika gaisuwa Barno. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma, a cikin Infaƙul Maisuri wanda ya rubuta a 1812, ya kawo ruwayar da ta ce Bawo bawan Sarkin Barno ne. Ruwayar Daura ta mai da wannan alaƙa ta zama surukuta, ta kuma ɗora laifin rabuwa a kan Barno.

Maƙera da Tsohuwa

Akwai taurari biyu da ake yawan tsallakewa, alhali in babu su babu labarin. Na farko maƙeran Gaya. Ɗan sarkin da ya taso daga Bagadaza bai kashe macijiya da makamin Bagadaza ba, da ƙarfen ƙasar Hausa ya kashe ta, wanda masu sana'ar ƙasar suka ƙera. A labaran baka na Kano ma an ambaci Gaya a matsayin inda maƙeran farko na Dala suka fito. Ashe ke nan labarin yana tuna wa masu sarauta cewa takobin da ke hannunsu talaka ne ya ƙera shi.

Ta biyu tsohuwa Ayana. Ita ta ba shi masauki da dare, ita ta bayyana masa sirrin gari, ita ta ba shi guga, kuma ita ta kai labarinsa fada lokacin da maƙaryata suka yi ta da'awar su suka yi kisan. A al'adar Bahaushe baƙo ba ya da murya a gari sai ta bakin mai masaukinsa, shi zai gabatar da shi, shi zai tsaya masa. Fatake da masu fataucin shanu da goro sun san wannan ƙa'ida sarai, domin a kanta cinikinsu yake tafiya. Tsohuwar nan ba ta da sarauta, ba ta da dukiya, amma shaidarta ce ta mai da baƙon dare ya zama angon Sarauniya.

Macijiya da Mutanen Gari

Ya kamata a ɗauki macijiyar a matsayin tauraruwa mai zaman kanta, domin tana da suna, tana kuma da doka. Sunanta Sarki, dokarta kuwa ruwa sau ɗaya a mako, kuma kowa yana bi, har Sarauniya. Ke nan kafin zuwan Bayajida ikon Daura a rabe yake: Daurama na mulkin mutane, macijiya na mulkin ruwa. A ƙasa irin ta Daura, wadda ke bakin Sahara, inda damina gajeriya ce, mai iko da rijiya shi ne mai iko da rai. Mutanen gari ba su rasa jarumai ba, abin da ya hana su shi ne tsoron karya al'adar da suka gada. Baƙo kuwa ba ya cikin wannan ɗauri, shi ya sa ya iya yin abin da ɗan gari ba zai yi ba. Bayan kisan an riƙa kiransa Makas-Sarki, wasu ruwayoyin ma sun ce daga nan kalmar sarki ta koma sunan mai mulki.

Idan aka kwatanta da maƙwabta za a ƙara fahimtar abin. Mutanen Soninke na yammacin Afirka suna da labarin macijin Wagadu mai suna Bida, wanda ake ba shi budurwa kowace shekara. Da wani saurayi ya kashe shi don ya ceci budurwarsa, sai fari ya auka wa ƙasar, daular ta watse. A can karya tsohon alkawari ya jawo halaka, a Daura kuwa ya kawo yalwar ruwa. Saboda haka ne wasu masana ke ganin labarin yana nuni da sauyin addini ko na tsarin mulki wanda masu ba da labarin suka yi na'am da shi.

Ko a cikin fada kisan ya tsara matsayin mutane. A wata ruwaya an ce Galadima ya je duba gawar macijiyar ya tsaya daga nesa, Kaura kuwa ya matsa ya taɓa ta ya tabbatar ta mutu. Ta haka ake bayanin dalilin da ya sa Kaura ya zama shugaban mayaƙa, kamar yadda aka san sarautar a Daura da Katsina.

Bayajida da Daurama

Wannan ita ce dangantakar da ta fi kowace nauyi. Jerin sarakunan Daura ya fara ne da sarauniyoyi goma sha bakwai, masu riƙe da sarautar Magajiya. Daurama ita ce ta tara, kuma ita aka ce ta taso da gari daga Tsohon Birni zuwa inda yake yanzu. Ta ƙarshe a jerin ita ce Shawata, shi ya sa wasu ke cewa ita ce Bayajida ya aura. Ko wacce ce, abin da ba a jayayya a kansa shi ne Bayajida ya tarar da gari kafaffe, mai fada da hakimai da tsarin gado.

Da aka miƙa masa rabin gari ya ƙi, sau da yawa akan ɗauki wannan a matsayin ƙauna ko rashin kwaɗayi. Amma akwai lissafi a ciki, kuma kowannensu ya ci riba. Da ya karɓi rabin gari, da an sami sarakuna biyu a birni ɗaya, abin da ya faru a Barno ya sake faruwa. Ta hanyar aure Daurama ta cika alkawarinta ba tare da ta tsaga ƙasarta ba, shi kuma ya sami abin da ya fi rabin gari, watau ɗansa zai gaji garin duka. Har wa yau, ruwayoyi da yawa ba su nuna cewa ta sauka daga gadon mulki ba. Shi ne ya tare a gidanta, saɓanin yadda aka saba a auren Bahaushe. Sarautar maza ta soma ne sosai daga kan Bawo, shi kuwa Bawo ta wajen uwarsa ya sami haƙƙin garin.

Daurama da Bagwariya

An ba da dalilai daban-daban na ba shi ƙwarƙwara. Wasu sun ce al'ada ta hana Magajiya kusantar namiji sai an yi wasu tsarkake-tsarkake, wasu kuma sun ce don ta koya masa Hausa ne. Ko ma mene ne dalili, Daurama da hannunta ta kawo wa kanta kishiya, kuma kishiyar ta riga ta haihuwa. A nan ne labarin ya nuna gwanintar sanin zaman gidan Bahaushe. Matan biyu ba su yi cacar baki ba, ba a ce sun yi wa juna asiri ba. Da sunayen 'ya'yansu suka yi faɗan. Bagwariya ta sa wa ɗanta Karɓagari, watau ya karɓe garin. Daurama ta mayar da martani da Bawo, wanda ake fassarawa da a bayar da garin, a mayar wa mai shi. Wannan habaici ne irin na kishiyoyi, wanda har yau akan yi shi da sunan yaro, ko na dabba, ko na zane. Bambancin kawai shi ne abin da ake kishi a kansa a nan ƙasa ce sukutum.

Bagwariya ba a ko ambaci sunanta na yanka ba, da sunan ƙabilarta aka kira ta. Duk da haka ita ce tauraruwar da ta fi kowa ƙarfin hali a cikin gidan, domin baiwa ce ta dubi uwargijiyarta ta yi da'awar gadon sarauta a bainar jama'a.

Bawo da Karɓagari

Uba ɗaya suke, kuma Karɓagari ne babba. Me ya sa aka fifita ƙane? Ba za a ce don shari'a ba ne, gama a shari'ar Musulunci ɗan da ƙwarƙwara ta haifa wa ubangijinta ɗa ne, yana gado daidai da ɗan matar aure, kuma sarakuna da yawa a ƙasar Hausa 'ya'yan ƙwarƙwarori ne. Amsar tana wajen uwa. Garin na Daurama ne tun asali, Bayajida bai zo da shi ba, don haka ba ya cikin abin da ɗan Bagwariya zai gada. Idan kuma aka tambayi abin da ya haɗa Biram da Bawo har aka ware Karɓagari, sai a ga cewa su biyun 'ya'yan matan aure ne, jinin sarauta ta wajen uwa. Ashe duk rabon da aka yi na Hausa Bakwai da Banza Bakwai a kan matsayin mata uku aka gina shi, Magira da Daurama da Bagwariya. Labarin da ake cewa shi ya kawo ƙarshen mulkin mata, a kan mata ya rataya halaccin mulkin maza.

'Ya'yan Bawo su ne Gazaura na Daura, da Bagauda na Kano, da Gunguma na Zazzau, da Duma na Gobir, da Kumayau na Katsina, da Zamnakogi na Rano. Tarihin Kano ya tabbatar da wannan salsala ga Bagauda, wanda Palmer ya ƙiyasta soma mulkinsa a 999. An kuma raba musu ayyuka kamar yadda maigida ke raba wa 'ya'yansa aikin gandu: Kano da Rano sarakunan baba, Katsina da Daura sarakunan kasuwa, Gobir sarkin yaƙi, Zazzau sarkin bayi. Waɗannan ƙasashe sun sha yaƙar juna, musamman Kano da Katsina. Labarin ya mai da su 'yan gida ɗaya, ya ajiye Daura a mazaunin uwa, wadda ake girmamawa ko da 'ya'yan sun fi ta ƙarfi da arziki.

Kwatanci da Ƙagaggun Labarai

Marubutan farko na ƙagaggun labaran Hausa, waɗanda gasar da R. M. East ya shirya a Zariya a 1933 ta fito da su, sun gaji wannan hanya ta ɗora al'ajabi a kan dangantakar gida. A cikin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, abin da ya fitar da Alhaji Imam neman ruwan shi ne wulaƙancin da aka yi wa mijin uwarsa a fada. Babban maƙiyinsa, Saƙimu, agolan gidansu ne, ba aljani ba ne, kuma yawancin daɗin littafin yana cikin ramuwar gayya tsakaninsa da Malam Zurƙe. A cikin Ganɗoki na Bello Kagara, yayan Abubakar Imam, jarumin ya shiga duniyar aljannu tare da ɗansa Garba Gagare. Aljannu da dodanni su ke jan hankalin mai karatu, amma abin da ke tafiyar da labari shi ne wane ne ɗan wa, wa ya ci amanar wa, wa zai gaji wa.

Kammalawa

Labarin Bayajida bai tsaya a littafi ba. Rijiyar Kusugu tana nan a Daura ana ziyartarta, sarautun Magajiya da Galadima da Kaura sanannu ne, kuma bikin Gani na tuna wa mutane tsofaffin al'adun garin. Bayan da masu jihadi suka karɓi Daura a wajen 1805, gidan sarautar Haɓe ya koma Zango da Ɓaure, sa'an nan aka mayar da shi Daura a farkon zamanin Turawa. Daga wannan gida ne Sarki Abdurrahman, wanda ya yi mulki daga 1911 zuwa 1966, da Sarki Muhammadu Bashar, daga 1966 zuwa 2007, suka fito. Ga irin wannan gida labarin hujja ce ta asali.

To amma akwai wurin da ya kamata ɗalibi da ma'aikaci su yi hattara. Ƙasashen da aka fi lissafawa a Banza Bakwai su ne Zamfara, da Kabi, da Yawuri, da Nufe, da Gwari, da Yarbawa, da Kwararrafa. Zamfarawa da Kabawa Hausa suke yi. Kabi a zamanin Kanta, cikin ƙarni na 16, tana daga cikin mafi ƙarfin daulolin yankin. Kwararrafa ta sha kai wa Kano hari a ƙarni na 17. Nufawa suna da labarin Tsoede, Yarbawa suna da na Oduduwa, kuma babu Karɓagari a cikinsu. Saboda haka kalmar banza tana nuna daga ɗakin wace kishiya aka ba da labarin, ba ta auna darajar kowa. Wanda aikin gwamnati ya kai shi Bida ko Minna ko Wukari, in ya tafi da wannan kalma a zuciyarsa, ya ɗauki habaicin cikin gida ya mai da shi hukunci. Labarin da kansa bai ce waɗannan al'ummu bare ba ne, cewa ya yi 'ya'yan yayan Bawo ne, kakansu ɗaya da Hausawa. Wasan barkwancin da ke tsakanin Katsinawa da Nufawa, da tsakanin Gobirawa da Yarbawa, ya nuna cewa talakawa sun daɗe da ɗaukar juna a matsayin dangi, tun da ba a yin irin wannan wasa sai da wanda aka yarda akwai zumunta da shi.